Baƙon da Aka Saukar a Ƙafar Malam

Matso nan kusa, 'yar'uwa, in gaya miki wata magana. Ba zan ɗaga murya ba, don Malam yana ɗakin can yana baccin rana, kuma a yanzu ba na jin tasowarsa, sai dai in waiwaya in gan shi tsaye a bayana. Da ba haka ba ne. Yadda aka yi ya koma haka, shi ne labarin.

Ni dai ban yi boko ba. Allo na yi, sai ajin yaƙi da jahilci da na shiga bayan na yaye auta, shi ya sa nake ɗan iya karanta Hausa. Turanci kuwa ko sunana aka rubuta sai an nuna mini. Abin da Allah Ya ba ni kunne ne. A gidanmu na Zariya ina daga madafi nake sanin wanda ya shigo zaure tun bai yi sallama ba. Malam, maigidana, tela ne, kekensa na ƙafa yana zauren, shekara arba'in ina jin sa ta bango. Daga ƙarar keken nake gane ko yunwa yake ji, ko wani ya ɓata masa rai, ko ɗinkin salla ya sha masa kai. Don haka ni na fara sanin ƙafarsa ta dama ta samu matsala, tun shi bai yarda ba. Keken ya riƙa gudu yana tsayawa, kamar mai magana tari na sarƙe shi. Daga baya ya yi shiru ɗungum. Ciwon suga ne ya toshe jijiyoyin jinin ƙafar. Tafiyarsa ta koma taku ɗaya mai nauyi, sai ja, taku, sai ja. Shekara shida ina jin wannan tafiya, har ta zame mini tamkar sunansa.

Ɗanmu na fari ne ya ɗauko mu zuwa Doha don a duba ƙafar. Injiniya ne a kamfanin gas. Kin san mu da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, a hannun kakarsa ya tashi, ko magana ba ma yi kai tsaye. Yana tsaye a gabana zan ce, "Malam, a ce masa abinci na kan tebur." Shi kuma ya ce, "Baba, a ce an gode." A gida mai jama'a wannan ba wani abu ba ne. A nan kuwa mu uku ne rak a hawa na uku na wani bene a unguwar Bin Omran, don matarsa ta tafi gida haihuwa.

Lokacin zafi ne. Ɗanmu yana fita aiki bayan asuba, sai magariba. Labule a sauke wuni guda, titi fayau, kyanwoyi ma sun shige ƙarƙashin motoci. Cikin mako ɗaya na haddace benen da kunne. Esin sanyaya ɗaki na maƙwabtanmu 'yan Indiya mai tari, tukunyarsu mai fito sau uku kafin azahar, lif mai nishi idan ya iso hawanmu, da wani mai mota da yake danna oda a ƙofar kanti har sai an miƙo masa ruwa. Ban da waɗannan, shiru. Ban taɓa sanin rana tsaka tana iya yin irin wannan shirun ba sai a garin nan.

A asibiti aka haɗa mu da wata likita 'yar Katsina, sa'ar 'yata ta uku, mai fara'a da saurin baki. Tana da wata 'yar na'ura kamar rediyon aljihu. Ta shafa wa Malam wani mai sanyi mai yauƙi a idon sawu, ta ɗora bakin na'urar, sai ga ƙarar jini ta cika ɗakin. Ƙafar hagu kamar lugude daga gidan maƙwabta, duka uku-uku. Da ta koma ta dama, sai wani huci kawai, irin na iska ta ƙarƙashin ƙofa. Ba ta ce komai ba tukuna, amma ni na riga na ji.

Ta ce, "Baba, hanyoyin sun toshe har ƙasa, babu inda za a yi musu kwana. In ciwo ya fito a ƙafar nan bai warke ba, yankewa za a yi."

Malam ya ce, "A yanke a kai ina?"

Ɗanmu ya ce akwai maƙabarta can wajen Abu Hamour, kusa da inda muke sayo kayan miya, a nan ake binne gaɓar da aka yanke. Na tuna wurin. Mun wuce ta gefensa, doguwar katanga ce, ƙasa fara fat ba ko itace.

Malam ya gyara hula ya ce, "Wato ni in koma Zariya, ƙafata tana kwance a nan cikin mutanen da ba ta jin yarensu? Ranar tashi da tsalle zan zo nemanta?"

Likita ta yi dariya, ni ma na yi, amma na san muryar. Da ita ya yi magana ranar da aka binne mahaifiyarsa.

Sai ta ce akwai wani gwaji da suke yi ga masu irin ƙafarsa. Ta juyo gare ni, don ta lura ni ce mai tambaya. Ta ce, "Mama, kin san ƙwayar cutar da ke kawo mura? Aikinta kenan ta kutsa cikin jikin mutum ta ba shi umarni. To mu mun kama ta, mun ƙwaƙule cikinta kamar yadda ake fafe duma, ba ta iya haihuwa, ba ta iya sa ciwo. Sai muka zuba mata namu saƙon. Za a zura siririn tiyo ta matsematsi har cikin jijiyar, a hura ɗan balan-balan ya manna ta a jikin bango. Ita ta shiga bangon ta ba da saƙo: a tsiro da ƙananan hanyoyi, jini ya zagaye inda ya toshe."

Na ce, "In ta ba da saƙon, sai ta fito ta ina?"

"Ba ta fitowa. Jiki ne yake share ta bayan 'yan makonni."

"Ɗan aiken da ba ya komowa kenan."

Ta ce, "Kusan haka." Sannan ta faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai. Wai ba kowa ake ba wa ba. Kwamfuta ce take ƙuri'a, wasu a sa musu ƙwayar, wasu ruwan gishiri zalla, kuma ita kanta ba ta san wa ya samu me ba sai an gama. Da haka ne ake gane ko maganin ne yake aiki ko sa rai.

Malam ya ce, "Bismillah, kawo takardar."

Aka yi aikin da hantsi, washegari muka dawo gida. Ya yi ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya, na ce shi ke nan baƙo ya sauka. Likita ta ce kada in yi saurin shimfiɗa tabarma, tiyon kansa yana iya sa zazzaɓi. Ta kafa mini dokoki: tawul ɗinsa daban na 'yan kwanaki, kada ya taka ƙasa ba takalmi, sannan ruwan zafi kada ya kusanci ƙafar, don ba ta jin komai. Ta nanata wannan, saboda a garin nan lokacin zafi famfon sanyi ma tafasasshen ruwa yake kawowa, tankin yana kan rufi. Wallahi na kiyaye. Tun asuba nake tarar ruwan alwalarsa a bokiti ya huce, sai na tsoma gwiwar hannuna kafin in ba shi.

Amma ƙafar sanyi gare ta kamar an ciro daga firij. Idan ina masa tausa sai in ji sanyin yana hawowa har kafaɗata. Na riƙa tunanin abin da aka saukar a ciki, in dai an saukar, shi kaɗai a wuri mai duhu da sanyi, an ce ya yi gini. Mu kuwa duk abin da ya yi sanyi a jiki gashi muke masa. Da shi aka yi mini jego bakwai. Kuma ruwan zafi aka hana, ba wanda ya ambaci turare.

Surukata ta bar kaskonta na lantarki da kabbasa, wannan kwandon da ake kifawa a kan kasko a shanya kaya su sha turare. Rana ta tara bayan aikin, da azahar ta wuce, na jona kaskon, na zuba turaren wuta, na kifa kabbasa, na ɗora ƙafar Malam a kai na lulluɓe da bargo. Yana kishingiɗe a kujera yana sauraron labarai a waya. Ya ce, "Yau kuma amarya aka mai da ni?" Na ce, "Ango dai, in ka samu." Na shiga kicin in kaɗa miya.

Ban san minti nawa na yi ba. Kunnena ne ya fara kamawa, wani ɗan cuwi-cuwi siriri, kamar an ɗiga ruwa a kan tanda. Sai hanci ya biyo baya. A ƙarƙashin ƙamshin sandal akwai wani ƙauri da na sani sarai, ƙaurin babbakar ƙafar sa ranar layya.

Na fito. Malam yana nan yadda na bar shi, yana murmushi da wani abu da aka faɗa a waya. Na yaye bargon. Sandar kabbasa ɗaya ta karye, dunduniyarsa ta zurma ta zauna daram a kan ƙarfen kaskon.

Ya dube ni, ya dubi ƙafar, kamar ƙafar wani yake kallo. Ya ce, "Ikon Allah. Ko kaɗan ban ji ba."

Wurin ya kai faɗin bakin kofin shayi, tsakiyarsa fari, gefensa ya yi bororo. Na zauna a ƙasa riƙe da ƙafar, na rasa kukan ma. Ciwon da likita ta ce kada ya fito, ga shi na kawo shi da hannuna.

Malam ya ce, "Kada ki gaya wa yaron nan."

Ko bai faɗa ba, da wane baki zan gaya masa? Wanda ko gishiri ban taɓa cewa ya miƙo mini ba, ta bakin wa zan aika masa cewa na gasa ƙafar ubansa? Ɗan aikena ɗaya ne a gidan, shi ne kuma ya ce a yi shiru. Na shafa zuma, na naɗe da tsumma mai tsabta, na sa masa safa. Kwana huɗu muka yi haka. Da magariba ɗanmu ya shigo ya ce, "Baba, ya ƙafa?" Malam ya ce, "Da sauƙi." Ni kuma in shige kicin in kunna famfo don kada in ji sauran.

Ranar komawa asibiti likita ta zare safar da kanta. Fara'arta ta ɗauke. Malam ya yi caraf ya ce shi ne ya taka kasko da rana bai gani ba. Ta ɗaga safar ta kai hanci, sannan ta ce wa ɗanmu ya je ya karɓo wata takarda a ƙasa. Da ya fita ta ce, "Mama, takawa ba ta sa safa da wando su kama turare har gwiwa. Kabbasa ce?"

Na ce, "Ita ce."

Ta ce, "Kakata ma da haka za ta yi. Laifina ne da na ce ruwa kawai." Sannan ta faɗa mana gaskiya ba rufi. Ƙuna irin wannan ba ta warkewa sai da jini. In jini ya iso, za a ga gefen ciwon ya yi ja yana matsowa. In bai iso ba zai yi baƙi, kuma ba za su jira ya hau sama ba, daga ƙasan gwiwa za su cire.

Na ce, "To a duba mana mana, ƙwayar aka sa masa ko ruwan gishiri?"

Ta ce sanin ba zai canza komai a jinyar ciwon ba, don haka ba za a buɗe ba. Sai jira.

Daga ranar ɗanmu ya karɓi wankin ciwon, kullum ya dawo aiki sai ya durƙusa ya kwance bandejin. Ban san abin da likita ta gaya masa ba. Kaskon dai na neme shi na rasa. A rana ta uku yana durƙushe, kansa a sunkuye, na ji ya ce, "Baba, a ce wa Hajiya ta ci abinci. Tun shekaranjiya ban ga an taɓa tukunya ba." Malam ya ce, "Kin dai ji."

Sati biyu ciwon yana nan yadda yake, bai yi ja ba, bai yi baƙi ba. Duk zuwa asibiti sai a ɗora na'urar, a ji hucin nan na ƙarƙashin ƙofa. A zuwa na uku na ce, "Tsaya, 'yata, kada ki ɗaga." A can ƙasan hucin akwai wani abu. Kin taɓa kwanciya a ɗakin soro da rana, gari ya yi tsit, ki ji gara tana aiki a cikin azara? Ba ƙara ba ce sosai, ƙis-ƙis ne na abubuwa masu yawa da ke aiki ba magana. Shi na ji.

Likita ta kasa kunne, ta ƙara murya, ta ce, "Mama, ni ban ji komai ba. Irin hanyoyin da muke fata sun fi gashi siranta, na'urar nan ba ta kama su."

Na ce to. Amma na ji.

A cikin satin ne, wata rana bayan azahar, Malam yana bacci a ɗaki, ni ina falo ina tsince shinkafa. Tukunyar maƙwabta ta gama fitonta, lif yana ƙasa. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, a jere, ba sauri ba jinkiri. Ba daga bango ba ne, ba daga esi ba. Na ajiye faranti na bi sautin har bakin ƙofa.

Yana kwance rigingine, bakinsa a ɗan buɗe, yana minshari. Ƙafar dama, wadda shekara shida sai dai ya ja ta, ita ce take motsi. Yatsun suna dannawa gaba su dawo, babban yana bugun katakon gado. Keke take takawa. Sauran jikin duk bacci yake, ita kaɗai ce a farke.

Na tsaya ina saurare. Abin da ya sa ban shiga ba, na san takun Malam a keke kamar yadda na san Fatiha. Yana da ɗan jinkiri a duka na huɗu, inda yake juya yadi. Wannan babu jinkirin. Daidai take tafiya, kamar wanda aka koya wa aikin jiya ya riƙe shi da kyau. Na yi ta karanta abin da ya zo bakina har ta tsaya don kanta.

Da ya tashi na ce, "Malam, mafarkin ɗinki ka yi?"

Ya ce, "Wane ɗinki? Mafarkin ɗanwake na yi, kuma ba ki ba ni ba."

Na gaya wa likita, ta ce jijiyoyin masu suga suna irin wannan zillo, ba abin tsoro ba ne. Wataƙila. Ƙafar ta yi haka sau biyar da na ƙirga, kullum da rana, kullum in ba kowa sai ni.

Wata ranar Juma'a ɗanmu ya kwance bandeji, ya ƙura wa ciwon ido. Sannan ya ce, "Baba, a ce wa Hajiya ta zo ta gani." Na zo na leƙa ta bayansa. Gefen ciwon ya yi ja kamar cikin kankana. Da ya goga auduga sai ga ɗigon jini. Ban taɓa murnar ganin jini ba sai ranar. Na kai hannu na taɓa tafin ƙafar, na ji ɗumi kaɗan, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

Wata uku ciwon ya ɗauka kafin ya rufe. Ya bar tabo mai sheƙi, zagayayye, girman bakin kofin shayi. Ba a yanke ko yatsa ba. Da muka sake wucewa ta doguwar katangar nan za mu sayo tumatir, Malam ya ɗaga mata hannu ya ce, "Halas, an gama, sai dai ki nemi wata."

Ya daina jan ƙafa. Ina murna, Allah Ya sani ina murna. Sai dai tafiyar da ta zo ba tasa ta da ba ce, ta kafin ciwo, wadda nake ji daga madafi. Wata ce daban, marar nauyi, kunnena ya ƙi riƙe ta. Lif zai yi nishi, in ji taku a baranda, in ce wane baƙo ne kuma, sai in ji makulli a ƙofarmu. Na tambayi likita, in ɗan aiken ya daɗe da sharewa, hanyoyin da ya sa aka gina fa, na wa ne? Ta ce, "Na Baba ne, Mama. Namansa ne, jininsa ne." Ta kuma ce jiki da kansa yakan yi irin hanyoyin nan wani lokaci, ba da saƙon kowa ba.

Da aka gama gwajin suka ba kowa takardarsa a ambulan, a ciki an rubuta abin da aka sa masa. Malam ya ce kada a buɗe, kada a karanta masa. Ya ce ƙafa dai za ta koma Zariya tare da mai ita, wanda ya kawo sauƙin ya san kansa. Ɗanmu ya miƙa masa, shi ya miƙo mini ya ce in adana. Tana nan ƙasan akwatina, cikin zanen da na zo da shi.

Kullum ina tunaninta. In ƙwayar ce, to akwai abin da ya shiga jikin mijina ya yi aikinsa a duhu, ya gyara ɓarnar da na yi, ya mutu a can ban ko yi masa sannu ba. In kuwa ruwan gishiri ne, to me na ji a cikin na'urar, kuma wa ya taka keken?

Ni ba na karanta Turanci. Wanda zai karanta mini a gidan nan mutum ɗaya ne, kuma sai na dube shi ido da ido na roƙe shi da bakina, don ɗan aikena ya riga ya ce ba ruwansa. Surukata ta dawo, amma ba zan sa ta saɓa wa Malam ba. Jiya na ciro ambulan ɗin na ɗaga shi a hasken taga, na ga inuwar layuka uku ko huɗu. Ina cikin haka na ji an ce, "Me kike nema?" Malam ne tsaye a bayana, ban san tun yaushe ba.

To ke 'yar'uwa, in ke ce da takardar nan a hannu, za ki buɗe baki ki ce wa ɗan farinki ya karanta miki, ko za ki mai da ita ƙasan akwati?